Amsa ga mai shirin intabiyun manajan injiniyoyi

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Ka ce shekara bakwai kana rubuta manhaja, a biyun ƙarshe kana jagorantar mutum huɗu, yanzu kuma wani kamfanin fasaha na waje ya kira ka intabiyun manajan injiniyoyi nan da sati uku, kana tambayar inda ya kamata ka sa ƙarfinka. Sau biyu na shiga irin wannan intabiyu daga nan Kano. Na farko ban samu ba, na biyu Allah ya nufa. Bari in gaya maka abin da ya raba su.

A karon farko wata guda na yi ina warware tambayoyin kod, wato rubutun manhaja, dare da rana, don shi na saba. Ranar intabiyu matar da ke tambayata ta ce in ba ta labarin wani injiniya a ƙarƙashina da aikinsa ya ja baya. Na ce mun zauna, mun tattauna, mun shawo kan matsalar. Ta ce, kai me ka ce masa? Na sake cewa mun fahimtar da shi. Sau uku tana dawo da ni, sau uku ina ɓuya a bayan "mun". Ina kallon fuskarta a allon kwamfuta ta daina rubutu, ta ajiye biro. Tun a nan na san aikin ya wuce ni.

Mu an rene mu a kan cewa yabon kai jahilci ne, kuma tarbiyya ce mai kyau, ba na so ka zubar da ita. Amma mai tambayar nan ba kirari take nema ba. Amanar mutane za a damƙa maka, albashinsu da ƙarin girmansu da ranar da za a sallami wani, shi ya sa take so ta ji yadda kake yanke hukunci idan abu ya cakuɗe. Idan ka ce "mun", ba ta da abin da za ta rubuta a kanka. Ka faɗi abin da abokan aiki suka yi da sunan aikinsu, naka kuma ka ce "ni na yi". Wannan shaida ce kake bayarwa.

Don haka sayi littafin rubutu tun yau, ka fitar da labarai kamar goma daga aikinka: wanda ka ɗauka aiki, wanda ka tallafa har ya samu ƙarin girma, rikicin mutum biyu, saɓani da maigidanka, aikin da ya wuce wa'adi, ranar da manhaja ta tsaya cak kwastomomi na ta kira. Kowanne ka jera shi a tsarin da suke kira STAR, wato halin da ake ciki, nauyin da ke kanka, matakin da ka ɗauka, sannan abin da ya biyo baya. Matakin shi ne ƙashin bayan labarin, can za ka fi daɗewa. Minti uku ya isa. Inda akwai lamba ka sa, amma ta gaskiya kawai, don za su tone ta da tambaya.

Labarin da ya fi yi mini amfani a karo na biyu na rashin nasara ne. Wani matashi mai ladabi, aikinsa kullum a makare. Wata huɗu ina jin nauyin gaya masa, ina gyara kod ɗinsa da daddare ba tare da ya sani ba, ina ganin rufin asiri nake yi masa. Da na zaunar da shi, na rubuta abin da ake jira daga gare shi, muka riƙa ganawa duk Litinin, sai ya ce, "Yallaɓai, da tun farko ka faɗa mini." Ƙarshe sai da muka rabu. Na gaya wa masu intabiyun ƙarara cewa kawaicina ya cuce shi, ya hana shi wata huɗu na gyara, kuma tun daga lokacin ba na barin sati ya zagayo da magana a cikina. A kan wannan labarin suka fi yi mini tambayoyi.

Ka san kamfanin da za ka fuskanta. Amazon na da ƙa'idojin jagoranci 16, biyu daga ciki a 2021 aka ƙara, kuma kusan duk tambayar hali a kansu take tafiya. Suna ma sa wani mai intabiyu daga wajen sashen da ke neman ma'aikacin, don kada matsin buƙata ya sa a sassauta. Google kuwa tun 2008 suka fara wani bincike, Project Oxygen, a kan abin da ke sa manaja ya yi kyau, kuma iya horar da na ƙasa ne ya zo a sahun gaba, tare da barin mutane su yi aikinsu ba a tsaya musu a ka ba. Kamfanonin gida irin su Paystack da Moniepoint ma ka karanta yadda kasuwancinsu ke tafiya kafin ka zauna da su.

Ban ce ka watsar da fasaha ba. A intabiyun akwai zagayen tsara babban tsarin manhaja, wasu kamfanonin har kod suna sawa, ka tambayi mai ɗaukar ma'aikatan tun yanzu, zai faɗa maka. A wannan zagayen muna da abin da wasu ba su da shi. Duk wanda ya ga ƙarancin takardun naira a farkon 2023, ya ga layin masu POS da tiransifa da ke maƙalewa, ya san tsarin da lodi ya fi ƙarfinsa. Ka gwada zana tsarin biyan kuɗi na ɗan kasuwar Kantin Kwari ana jajibirin Sallah: netwok ya yanke, kwastoma ya sake dannawa, yaya za ka hana a cire masa kuɗi sau biyu? Amsar ita ce kowace mu'amala ta zo da lambarta ta musamman, idan ta sake zuwa a gane ta. Ka riƙa faɗin abin da ka zaɓa da abin da ka sadaukar, da kuma yadda za ka raba aikin ga mutanenka.

Sai batun lokaci. Tara na safe a Kalifoniya biyar na yamma ne a Kano, daga Nuwamba zuwa Maris kuma shida, daidai magariba. Ka nemi a matsar, ni ba a taɓa hana ni ba. Ka cika batir, ka tanadi layi biyu na kamfanoni daban, ka sanar da mutanen gida.

Rubutu kaɗai ba zai wadatar ba, sai bakinka ya saba da labaran da Turanci. Idan ka gama biyar na farko, yi mini magana ta akwatin saƙo. Ranar Asabar bayan la'asar ina kusa da Zoo Road, sai mu zauna in yi maka tambayoyin kamar yadda aka yi mini.