Shingen itatuwa a gonar shanu: me za a dasa, kuma yaya za a raine shi?

Tambaya: Muna da gonar gado da muke kiwon shanu a cikinta, kuma duk shekara sai mun sari ƙaya mun sabunta shinge. Ina son dasa shinge mai rai wanda zai tare dabbobi, ya kuma dawo da tsuntsaye da ƙudan zuma da suka ƙaurace wa wurin. Ta ina zan fara?

Amsa: Malam, shawarata ta farko ita ce kada ka dogara ga iri guda. Aguwa da cini da zugu suna saurin kamawa kuma shanu ba sa cin su, shi ya sa suka cika iyakokin gonaki a ƙasar Hausa, amma amfaninsu bai wuce tare hanya sosai ba, ga shi 'ya'yan cini da zugu guba ne ga yara da dabbobi.

Abin da ya fi shi ne layi biyu, ɗaya a bayan ɗaya, da tazarar kamar rabin mita tsakanin tsiro da tsiro. Ka sa masu ƙaya a layin waje, wato magarya da bagaruwa da aduwa, ka cike giɓi da dashi, wanda ake kafa reshensa a ƙarshen bazara kafin ruwa ya sauka. Irin bagaruwa yana da tauri, don haka a jiƙa shi a ruwan zafi ya kwana kafin a shuka. A layin ciki kuma ka bar kalgo da sabara da suka tsiro da kansu, ka dasa gawo jefi-jefi. Gawo yana zubar da ganye da damina, ya yi kore da rani, lokacin da shanu suka fi bukatar inuwa da 'ya'yansa. Tunda furen waɗannan itatuwa ba lokaci guda yake fitowa ba, ƙudan zuma za su daɗe suna samun abinci, tsuntsaye kuma su yi sheƙa a cikin ƙaya inda shaho ba ya kai musu.

Inda mutane suka fi kuskure shi ne gindin shingen. Idan aka share shi ƙal ko aka cinna masa wuta da kaka, an kori bushiya da fakara da ƙadangaru masu rage ƙwari. Ka bar gamba ta tsaya a wurin. Gaskiya ne maciji ma zai iya fakewa, saboda haka a nisanta shingen mai duhu daga turken maruƙa da wurin tatsa.

Shekara biyu zuwa uku na farko dole ka ci gaba da kare dashen da busasshiyar ƙaya, domin akuya guda tana iya cinye aikin damina ɗaya cikin yini. Kafin ka haƙa rami kuwa, ka zauna da maƙwabcinka a gaban mai unguwa a tabbatar da iyaka, kuma kada shingen ya ci ko taku ɗaya na burtali.