Shin tunani kaɗai zai iya motsa abu?

Ka tambaya ko mutum zai iya motsa abu da tunaninsa kaɗai, ba tare da ya taɓa shi ba. A kimiyyance, a'a. Abu ba ya fara motsi sai wani ƙarfi ya ture shi ko ya ja shi. Lantarkin ƙwaƙwalwa da ake aunawa a fatar kai kimanin maikurobolt 10 zuwa 100 ne kawai (maikurobolt kashi ɗaya ne cikin miliyan na bolt, ma'aunin ƙarfin lantarki), maganaɗisunta kuwa na duniya ya ninka shi sau miliyoyi.

Takardar nan da wasu ke ɗorawa a kan tsinin allura, su kawo hannu kusa da ita tana juyawa, su ce tunaninsu ne ke juya ta, ɗumin tafin hannu ne ke tayar da iska, iskar ta juya ta. Kife mata kwalbar gilashi, ka toshe ƙasan, kada ka taɓa gilashin don kada ya ɗumama, za ka ga ta tsaya cak.