In riƙa bin ɗana filin atisaye, ko in ƙyale shi?

Tambaya: Ɗana shekararsa 15, kullum bayan la'asar yana fili wajen atisayen ƙwallo. Mahaifiyarsa ta matsa sai in riƙa zuwa ina gani, shi kuma ya ce in na zo abokansa za su yi ta tsokanarsa. Ga kocinsu ya fara zancen in kawo kuɗi a kai shi gwaji Turai. Ya zan yi?
Wani uba, Tudun Wada, Zariya

Amsa: Malam, uwar yaron tana da gaskiya, shi ma bai yi ƙarya ba. Ka je, amma ba kullum ba, kuma ba don ka ga yadda yake yanka ba. Wanda za ka je gani shi ne kocin.

Mutumin da ke riƙe da ɗanka awa biyu kowace rana ya zama malaminsa. Ka gaisa da shi, ka san unguwarsu, ka tambaya a kansa. Yana zagin yara? Yana ba su damar shan ruwa, musamman a zafin Maris da Afrilu? Yana tashinsu kafin magariba? In yaro ya gurɗe, ajiye shi yake yi ko cewa yake ya daure? Zuwa biyu ko uku ya isa ka gane. Mu Zazzagawa mun ga amfanin koci nagari: a nan Masai Ujiri ya tashi, ya koyi ƙwallon kwando a hannun Oliver Johnson, har ya shugabanci ƙungiyar Toronto Raptors lokacin da ta ci kofin NBA, babbar gasar ƙwallon kwando ta Amurka, a 2019.

In ka je, tsaya daga nesa, ka kama bakinka. Uban da ke ihun "buga mana!" daga bakin fili rikita yaro yake yi, ya rasa wa zai saurara. Ranar wasa kuwa ka zo a gan ka, ko ya nuna bai damu ba, yana jin daɗi.

Zancen Turai ne ya fi tayar mini da hankali. Dokar FIFA ta hana kai ɗan wasan da bai cika shekara 18 ba ƙungiyar wata ƙasa, sai bisa 'yan dalilai ƙalilan, kamar iyayensa su koma can da zama ba don ƙwallo ba. Kada ka ba da ko sisi, kada fasfo ɗin yaron ya bar hannunka. In kana da abin kashewa, saya masa takalmi mai gajerun ƙusoshin roba, don yawancin filayenmu ƙasa ce mai tauri, sai abin kare ƙwauri da gorar ruwa.