Tambayoyinku: madubin sama, tandar maikurowef da rezo

Wani dattijo daga Tibiri ya tambaya me ya sa rediyonsa ke cika da tashoshin nesa da dare, da rana kuwa shiru.

Baba, rediyonka lafiyarsa lau. Tsakanin kilomita 60 da 90 a sama akwai shimfiɗar iska da ake kira D, hasken rana ne ke samar da ita, kuma tana shanye igiyar matsakaicin zango. Rana na faɗuwa shimfiɗar D ta watse, igiyar ta isa shimfiɗun da ke sama da ita, su maido ta ƙasa. Ka ƙara wa eriya waya mita 10.

Wani ɗalibi daga unguwar Zariya ya ce ya gani a WhatsApp ana harba maikurowef sama a yi madubin da ke maido rediyo, wai da shi Amurka ke tsai da ruwan damina. Yana son ya gwada da tsohuwar tandar maikurowef ko rezo zai ƙaru a gidansu.

Ƙanena, ajiye sukundirebar nan tukuna.

Maganar madubin tana da asali. Masana sun lissafa cewa in aka haɗa haske biyu na maikurowef masu tsananin ƙarfi a wuri guda, kilomita gommai a sama, iskar wurin za ta fashe ta saki elektaron, wato ƙananan ƙwayoyin lantarki, kuma in sun yi yawa za su maido igiyar FM da talabijin, waɗanda a ka'ida huda sama suke yi su wuce. Matsalar ita ce iskar oksijin na kame elektaron ɗin cikin ƙasa da daƙiƙa guda. Dole a yi ta harbi ba tsayawa, da ƙarfin da ake ƙirgawa da miliyoyin wat. Tauraron ɗan'adam ya fi arha nesa, shi ya sa babu gidan rediyon da ke aiki da wannan madubi.

HAARP, wurin binciken sararin sama na Amurka da ake tsorata ku da shi kan maganar tsai da ruwa, yana Gakona, a Alaska, a hannun Jami'ar Alaska tun 2015. Eriya 180, ƙarfi megawat 3.6, mitar igiyarsa tsakanin megahaz 2.7 da 10. Wannan gajeren zango ne, ba maikurowef ba. Yana ɗumama wani yanki na sama, in aka kashe shi abin ya koma yadda yake. Hadari kuwa a ƙasa da kilomita 20 yake haɗuwa, kuma igiyar ratsa shi take yi. Masu tura saƙon murya ba sa kai wa wannan lissafi, sun fi gane maɓallin turawa.

Tandar kuma wat 800 zuwa 1,000 ce, a gigahaz 2.45. Ko girgije ba zai san ka kunna ta ba, wifin maƙwabta dai zai mutu, tunda mitarsu ɗaya. Taransifomar cikinta tana ba da kusan bolt 2,000, kondansa kuma, wato abin da ke tara lantarki, na iya riƙe wuta bayan an zare soket. Wannan wutar ce ke kashe masu gyara. Hasken maikurowef ɗin kuwa, in babu murfi, ido yake fara dafawa. Kana son rezo, ka ɗaura ɗan akwatin intanet a kan doguwar sanda, ya fuskanci turken kamfani.

Wata Hajiya daga Sabon Gari ta ce salularta na nuna sanda huɗu amma intanet ba ya tafiya da magariba.

Hajiya, duk unguwa ce ta hau bidiyo lokaci guda. Ki sauke manyan abubuwa bayan asuba, ki kashe saukar hotuna ta kai tsaye a WhatsApp.