Amsar tambayar Kawu kan bajekolin furannin Chelsea

Assalamu alaikum. Kawu barka da yamma, an wuni lafiya? Ya iyali, ya lambu, ya fama da zafi? Allah ya ƙara girma. 'Yan uwa na zaure ku yi haƙuri, muryar nan za ta yi tsawo, mai ƙarancin data ya bari sai dare ya saurara.

Kawu, na ga bidiyon da kuka turo na bajekolin furannin Chelsea da BBC ke nunawa, na kuma ga tambayarku: wai masu lambu na gaskiya a nan Ingila, waɗanda ƙasa ke shiga musu farce, suna zama su kalli wannan abu kuwa, ko dai na masu kuɗi ne da 'yan gayu? Na fara rubuta amsa na ga yatsana ba zai kai ni ba, shi ya sa na ce bari kawai in yi magana.

To Kawu, muna kallo. Wallahi muna kallo. Sai dai muna kallo muna tsaki.

Bari in fara da bikin kansa, don yaran zauren nan da sun ji Chelsea hankalinsu ya tafi ƙwallo. Unguwa ce a Landan. Akwai wani tsohon gida da tsofaffin sojoji ke zaune, masu jajayen kwat ɗin nan da kuka gani a bidiyon, to a filin gidan ake yi, tun 1913. Ƙungiyar masu lambu da ake kira RHS ce ke shiryawa, ita kuwa tun 1804 take. Cikin watan Mayu ake yi, kwana 5, Talata zuwa Asabar. Litinin ɗin kafin a buɗe ta 'yan jarida ce da 'yan gidan sarauta da taurarin fim. Korona ta hana taron a 2020, a 2021 kuma aka kai shi Satumba. Duk tsawon makon BBC na nunawa, da rana da kuma da dare.

Manyan lambunan nan da suka burge ku, masu ƙorama da bishiyoyi kamar sun shekara 30 a wurin, wata guda kafin nan fili ne fetal, ciyawa kawai. Cikin kamar mako 3 ake haɗa su. Bishiyar da kuka gani da tirela aka kawo ta, ƙugiya ta sauke ta. Da yawa daga furannin ma ba a cire su daga tukwanensu ba, an binne su ne da tukunyar an rufa ƙasa a kai. Wanda ya yi saurin buɗewa an kai shi ɗakin sanyi an riƙe shi, wanda ya makara an sa shi ɗakin gilashi mai ɗumi an matsa masa, don duk su buɗe a mako ɗaya. Shi ya sa za ku ga furanni biyu gefe da gefe a buɗe, alhali a lambun gaske da wuya su haɗu. Babban lambu ɗaya yakan ci ɗaruruwan dubban fam. Ana gamawa kuma a kwashe cikin 'yan kwanaki. Gaskiya dai a 'yan shekarun nan ana mayar da su asibitoci da makarantu da wuraren jama'a, ba kamar da ba.

To mai lambu ya san duk wannan. Ba ma jin haushin an yi kwalliya, ranar biki ai dole a yi kwalliya. Abin da ke sa mu tsaki daban ne.

Ga kyamara ta tsaya kan wata shuka mai kyau, ina neman biro in rubuta sunanta. Sunan ya fito a ƙasan allo, kafin in kai harafi na huɗu ya ɓace, ga shi da Latin, dogo kamar layin man fetur. Wani lokaci ma ba za a sa sunan ba sam. Sai a juya kan wata 'yar fim da hula kamar faifai, a tambaye ta wane fure ta fi so, ta ce kakarta na da wardi a bayan gida. A ba ta minti uku. Mutumin da ya shekara 40 yana rainon shukar nan, yana tsaye a gefe da hannu duk kanta, a ba shi rabin minti. Nan ne za ku ji tsakina daga ɗakin girki.

Sai maganar lambobi. Akwai na zinare, da wani tsakanin zinare da azurfa, da azurfa, da tagulla, sannan gwarzon bikin gaba ɗaya. Ran Talata da safe ake rabawa, a bi mai zanen lambu da kyamara yana buɗe takarda yana hawaye. To madalla, Allah ya sanya alheri. Amma ni abin da nake son ji shi ne wace irin ƙasa shukar ke so, inuwa ko rana, tana jure fari, yaushe ake dashenta, me ke cin ta.

Me ke cin ta, Kawu. Nan ne zancen yake. Kun san ina da ɗan fili da ƙaramar hukuma ke ba da haya, sai da na yi shekara 3 a layi kafin na samu. Cikakken fili kusan murabba'in mita 250 ne, ni rabi aka ba ni. Babban abokin gabarmu a nan ba akuya ba ce, wani dodon koɗi ne marar ƙoƙo, sulɓi gare shi kamar an jiƙa kuɓewa. A 2024 an yi ruwa sosai, suka yi yawa kamar me. Na raini wake a taga, tushe 24, mako 4 ina juya su suna bin rana, na kai na dasa ran Asabar da yamma. Lahadi da safe na je, babu ganye ko ɗaya. Tsinkaye kawai a tsaye, da wani farin yauƙi yana ƙyalli a ƙasa. Na zauna a kan bokiti na rasa abin cewa. Daga ranar, duk dare sai in fita da tocila da safar hannu ina tsince su ɗaya bayan ɗaya, wani daren in tara fiye da 60. Maganin da aka saba barbaɗa musu an hana shi tun 2022 saboda yana kashe tsuntsaye da bushiya. A 2022 ɗin ce ma RHS ta ce ta daina lissafa su cikin ƙwarin ɓarna, wai suna da amfaninsu. Na yarda suna da shi. A filin wani.

To a makon da nake wannan fama aka fara shirin Chelsea. In dawo da laka har gwiwa, in kunna talabijin, in ga ganye dubu babu mai huda ko ɗaya. Akwai masu bi da almakashi suna cire duk ganyen da ya yi tabo kafin alƙalai su zo. Ku ɗauka a ce an zo Kura an yi shiri kan tumatir, a jera kwanduna jajaye shar, a yi hira da mawaƙa, a tashi ba a ambaci sharon ba, tsutsar nan da ta cinye gonaki a 2016. Za ku kalla, amma ai kun san ba da ku ake ba.

Ni yadda na ɗauki abin, kamar Hawan Daushe ne. Ba wanda ke zuwa ƙofar Kudu don ya koyi kiwon doki. Amma mai kula da barga ma yana zuwa, kuma idonsa daban ne da na sauran 'yan kallo. Jama'a na kallon alkyabba da rawani, shi yana kallon ƙafar dokin, ya san wanda ya sha dawa da kanwa da wanda aka aro jiya.

Mu ƙafar dokinmu tana cikin babbar rumfar nan da ke tsakiyar fili. Nan masu rainon shuka suke, ƙananan gidajen reno na iyali, wani ba abin da yake shukawa duk rayuwarsa sai iri guda. Akwai wani dattijo daga Wales, Medwyn Williams, shi kayan miya ya riƙa kawowa: karas, albasa, kabeji, dankali, tumatir. Ya ci lambar zinare fiye da sau 10. Kawu in kun ga karas ɗinsa, tsawon hannu, a miƙe sak. A cikin dogayen bututu da ganguna masu yashi ake shuka irinsu don kada saiwar ta haɗu da dutse ta karkace. Kun ga wannan magana ce ta masu lambu. In aka shiga rumfar nan, musamman in Carol Klein ce ke zagayawa, wata dattijuwa da ita kanta ta yi shekaru tana da gidan reno, to ina ajiye ludayi in zauna. Takan durƙusa ta juya ganye, ta tambayi mai shi yadda yake yaɗa irin, daga ƙwaya ko daga reshe. Damuwata kawai kason da ake ba rumfar bai kai yadda nake so ba.

Amma bari in faɗi gaskiya, kada in yi wa masu shirin rashin adalci. Na taɓa zuwa da kaina sau ɗaya, a 2019. Tikitin yini ba arha ba ne, yanzu yakan haura fam 100. Manyan lambunan an kewaye su da igiya, ba a shiga, daga waje ake leƙe, ga mutane sahu-sahu, ni kuma kun san tsayina. Abin da na fi gani ƙeyar mutane. Masu gabatarwa su ake bari su shiga ciki, su bi 'yar hanyar, su zauna a bencin. Wato wanda ke kan kujerarsa a gida ya fi ni ganin lambun. Abin da talabijin ba ta iya kawowa shi ne ƙamshi, da damar ka tsaya ka yi wa mai reno tambaya. Ran Asabar da ƙarfe 4 ana kaɗa ƙararrawa a fara sayar da shuke-shuken, sai ku ga mutane a jirgin ƙarƙashin ƙasa rungume da furen da ya fi su tsawo.

Kuma shirin na tayar da gardama mai amfani. A 2022 lambun da ya zo na ɗaya an yi shi ne kamar daji, busasshiyar ciyawa, itatuwa a zube, da madatsar ruwa irin wadda wata dabbar ruwa mai faffaɗar wutsiya ke ginawa. Monty Don, babban mai gabatarwa, ya yaba kyansa amma ya tambaya ko wannan ma lambu ne. Maƙwabcin filina, wani tsohon direban bas ɗan shekara 70 da wani abu, ya ce in haka ne filin da aka ƙwace wa wani a layinmu saboda ya bar shi ya zama jeji shi ya cancanci zinare. Mun yi mako muna musu a bakin famfo. Shi wannan tsohon kullum cewa yake ba ya kallon shirin, ɓata lokaci ne. Amma duk safiya ya san wanda ya ci me da wanda aka zalunta. Ni dai ban tona shi ba.

Ni kaina na tsinci abu ɗaya da nake yi har yau. Akwai wani yanka da ake yi wa furanni masu dawowa duk shekara a ƙarshen Mayu, a rage musu kamar kashi ɗaya cikin uku na tsawo, sai su yi rassa, su yi gajeru, su makara wajen buɗewa, iska ba ta kwantar da su. Sunan bikin ma aka sa wa yankan saboda lokacinsu ɗaya. Kamar dai yadda kuke tsinke kan shuka don ta yi rassa.

Sannan dole in tuna ba don mu kaɗai ake yi ba. Mafi yawan masu kallo ba su taɓa riƙe fartanya ba, wasu ko tsakar gida ba su da shi, a bene suke. 'Yata ta fari ba ta taɓa bi na fili ba, tana cewa sanyi da tsutsa. Bara ta ga wani ɗan lambun baranda a shirin, yanzu tana da tukwane 5 na na'ana'a da attaruhu a tagarta, har tana koya min ban ruwa. Kun ga a nan kwalliya ta biya kuɗin sabulu.

In koyo kuke so, Kawu, ku sa yara su nemo muku wasu shirye-shiryen. Akwai Gardeners' World, duk Juma'a da dare, tun 1968 ake yi. Shi Monty Don a lambun gidansa yake yi, abu in ya mutu masa yakan nuna ya ce ga shi ya mutu. Akwai Beechgrove daga Scotland, tun 1978, su sun fi kowa tafiya kai tsaye, su shuka iri biyu gefe da gefe a ga wanda ya fi. A rediyo kuma akwai na tambaya da amsa, tun 1947 ake yinsa, shi nake sa wa a kunne ina cirar ciyawa. Sai dai ku yi hattara da lokutansu. Mu a nan ba ma fitar da tumatir waje sai ƙarshen Mayu saboda sanyin dare da ke daskarar da raɓa, ku kuwa a lokacin kun gama na rani kuna duban gabas.

Af, kafin in manta, yakuwar nan da na gaya muku. Ta tsiro, ta yi ganye, mun sha miya sau biyu, amma ko fure ɗaya ba ta yi ba balle a yi zancen zoɓo. Ashe ita sai yini ya gajarta take fure, mu kuwa a Yuni rana na kai wa awa 16 da ɗoriya, kafin yini ya ragu sanyi ya riga ya kashe ta. Bana ina so in gwada ta a tukunya, in riƙa kifa mata kwali da yamma in yaudare ta cewa dare ya yi. Ku gaya min, a lambunku kwana nawa take yi daga shuka zuwa fure? A gaida su Inna da yara. Sai na ji ku.