Tambaya da Amsa: Kauce wa Al'ada, Laifi da Abokan Majalisa

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ɗaliba ce a ajin farko na jami'a, muna darasin ilimin zamantakewa. Malaminmu ya ce ba duk wanda ya kauce wa ƙa'idar jama'a ne mai laifi ba, kuma akwai mai laifin da jama'a ba sa ganin ya kauce. Na kasa gane bambancin. Daga wata ɗaliba, Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Maganar malaminku daidai ce. Ƙa'idojin zaman jama'a ba nauyinsu ɗaya ba, kuma masanin Amurka William Graham Sumner ya yi bayanin haka tun 1906. Akwai na ladabi da sabo, kamar gaisuwa, miƙa abu da hannun dama, da tuɓe takalmi a ƙofar ɗaki. Wanda ya saɓa musu, iyakarsa harara ko a ce ba shi da tarbiyya. Akwai waɗanda aka ɗaure da mutunci da addini, irin biyayya ga iyaye da riƙon amana. Mai karya su ana ƙaurace masa, wani ma a hana shi aure. Sai doka, wadda ke rubuce, ga 'yan sanda da kotu a bayanta.

Laifi, a wannan fanni, karya doka ne kawai. Kaucewa ta fi shi faɗi. Matar da ta kira ɗanta na fari da sunan yanka a gaban surukai, a gidan da ake riƙe da alkunya, ta kauce, amma babu alƙalin da zai saurari ƙararta. Juya ki dubi liƙi a wurin biki. Dokar Babban Bankin Najeriya ta 2007 ta haramta liƙa takardun naira da tattaka su, ta tanadi ɗaurin aƙalla wata 6 ko tarar aƙalla naira 50,000 ko duka biyun. Duk da haka mai liƙi guɗa ake yi masa.

A jarrabawa, duk misalin da kika kawo, ki faɗi abu uku: wace ƙa'ida aka saɓa, ta waɗanne mutane ce a wane wuri da zamani, kuma wane hukunci ya biyo baya. Ɗalibai sun fi faɗuwa a na biyu, domin suna auna kowace al'umma da mudun garinsu.

Tambaya: Ɗana mai shekara 16 ya shiga wata majalisar samari. Sau ɗaya aka kama shi da sigari, yanzu duk unguwa ɗan daba ake ce masa, har wasu sun hana 'ya'yansu yawo da shi. Me iliminku ya ce? Daga wani magidanci, Kano.

Amsa: Malam, Allah ya shirya mana zuri'a. Abu biyu ne ke aiki a kan yaron nan, kuma na biyun ya fi tayar mana da hankali.

Na farko majalisar. Masanin zamantakewa Charles Cooley, a 1909, ya kira irinta rukuni na kusa: mutane kaɗan, ana ganin juna kullum, ana sanin sirrin juna, kamar iyali da abokan wasa. Irin wannan rukuni shi ke gina hali, fiye da makaranta ko ƙungiya mai katin shaida. Wani masanin, Edwin Sutherland, ya ƙara da cewa kaucewa koyonta ake yi a cikin mu'amala, kuma ba dabarar kaɗai ake koya ba, har da hujjar da ake kare kai da ita. Ƙarfin tasirin ya danganta da yawan haɗuwa, daɗewar abotar, ƙuruciyar yaro lokacin da ya fara, da girman da yake ba wanda yake kwaikwayo.

Na biyu sunan da aka laƙaba masa. Masani Edwin Lemert, a 1951, ya raba kaucewa gida biyu. Ta farko ita ce kuskuren da yaro ya yi alhali bai ɗauki kansa ɓatacce ba. Ta biyu tana zuwa bayan jama'a sun yi masa tambari: yaran kirki su guje shi, mai shago ya ƙi ɗaukarsa koyon sana'a, ya duba ya ga majalisar nan ce kaɗai ke marhabin da shi, sai ya rungumi sunan. Hannunka mai sanda ne ga 'yan unguwa, domin kariyar da suke ganin suna yi wa 'ya'yansu ita ke tura naka.

Saboda haka a gida a daina kiransa da sunan nan, ko cikin fushi. A tsawata a kan aikin da ya yi, a keɓe, ba a gaban ƙannensa ba. Kada ka ce ya bar abokai ka bar shi zaune. Wanda aka raba da rukuni ba a ba shi wani ba, komawa yake yi a ɓoye. Ka gano sa'o'in da majalisar ke cika, galibi bayan la'asar zuwa dare, ka cike su da koyon sana'a, islamiyya ko ƙwallo ƙarƙashin babban da yake jin nauyinsa. Ka sami mai unguwa ko liman su ja kunnen masu yaɗa sunan. In ka ga alamar ƙwaya, wannan kuma aikin likita ne, kada a kai shi gidan mari.

Tambaya: Da gaske wani masani ya ce laifi yana da amfani? Daga wani mai karatu, Maraɗi.

Amsa: Emile Durkheim ne, Bafaranshe, a 1895. Bai yabi laifi ba. Cewa ya yi babu al'ummar da ba ta da shi, kuma hukunta mai laifi yana tuna wa sauran inda iyaka take, ya haɗa kansu. Ya kuma lura cewa wani wanda aka tsangwama yau a kan ra'ayinsa, gobe ra'ayin nasa ne ake bi, ya ba da misali da Sukurat, masanin falsafa na tsohuwar Girka, wanda birnin Atina ya yanke wa hukuncin kisa.