Tambayoyinku kan ciwon dasashi

Tambaya: Likita, asuwaki kaɗai ya wadatar ko sai na haɗa da buroshi? (Wani malami daga Zariya)

Amsa: Asuwaki yana aiki, Malam, muddin an tauna kansa ya yi laushi, ana kuma yanke tsohon kan a kai a kai. Sai dai ba ya isa bayan turame da cikin haƙora yadda ya kamata. Ka haɗa da buroshi da man goge baki mai fuloraid (sinadarin da ke kare haƙori daga ruɓewa), da safe da kuma kafin kwanciya.

Tambaya: Duk sanda na goge baki sai na tofar da jini, shi ya sa na rage gogewa. (Wani ɗan kasuwa daga Maraɗi)

Amsa: Alhaji, rage gogewar nan ita ke ƙara cutar. Dauɗa mai yauƙi tana taruwa a gindin haƙori, ƙwayoyin cutar da ke cikinta su kumbura dasashi, shi ne yake jini da an taɓa shi. Ka nemi buroshi mai laushi, ka karkata shi zuwa inda haƙori ya haɗu da dasashi, ka riƙa zagayawa a hankali, minti 2, sau 2 a rana, ban da dirza da ƙarfi. Ka sa zaren tsaftace haƙori a tsakankanin haƙora sau 1 a rana, ka kurkure da rabin ƙaramin cokali na gishiri a kofin ruwan ɗumi. Jinin yakan tsaya cikin mako 1 zuwa 2. In bai tsaya ba, ko akwai ruɓa da warin baki, ko haƙori ya fara girgiɗi, ka je wurin likitan haƙori, a kuma auna maka suga, domin ciwon suga da ciwon dasashi kowanne yana tsananta ɗan'uwansa.

Tambaya: An ce wankin haƙori a asibiti yana sa su yi girgiɗi. Gaskiya ne? (Wata Hajiya daga Kano)

Amsa: Ba gaskiya ba ne, Hajiya. Dauɗar da ta daskare kamar dutse ita ta riga ta cinye ƙashin da ke riƙe da haƙorin, cire ta ne kawai ya tona ɓarnar. Buroshi ba ya iya cire ta, ki je a wanke.

Tambaya: Abokina ya ce in ɗiga ruwan batir a dasashin da ke mini zogi, wai yana kashe tsutsar. (Wani direba daga Gusau)

Amsa: Don Allah kada ka kuskura! Babu wata tsutsa a haƙori, ruwan batir kuwa asid ne, yana ƙone nama ya bar gyambo. Haka fetur, kanwa, garin taba, da ƙwayar asfirin da ake dannawa a jikin dasashi har wurin ya yi fari fat ya saluɓe. Abin takaici ne mutum ya je da ciwo ɗaya ya koma da biyu. Ka sha farasitamol, ka ga likita. Idan fuska ta kumbura, ga zazzaɓi, ko haɗiya ta yi wuya, ranar za ka tafi asibiti.

Tambaya: Ɗana ɗan shekara 3 ya tashi daga ƙyanda, ya rame. Yanzu dasashinsa na jini, bakinsa na wari sosai, yawu na dalala, kumatu ɗaya ya fara kumbura. Kakarsa ta ce iska ce, a yi masa turare. (Wata uwa daga Illela)

Amsa: 'Yar'uwa, ki ɗauki yaron nan zuwa asibiti yau, kada ki jira gobe. Abin da kika zayyana ya yi kama da farkon cutar noma, wadda mutanenmu ke kira ciwon iska. Ba aikin aljanu ba ne. Ƙwayoyin cutar baki ne ke samun galaba a kan yaron da tamowa ko ƙyanda ko zazzaɓin cizon sauro suka raunana, galibi 'yan shekara 2 zuwa 6. Tana farawa da ɗan gyambo a dasashi, sai kumatu ya kumbura ya yi tauri, sai wani baƙin tabo ya fito a fata. Daga nan cikin 'yan kwanaki nama ya mutu ya zube, rami ya buɗe har a hango haƙora. Yawancin yaran da ba a yi musu magani ba rasuwa suke yi.

A matakin da yaronki yake, maganin kashe ƙwayoyin cuta irin su amoxicillin da metronidazole, da tsaftace baki, da abinci mai gina jiki, suna iya tsayar da ita kafin ta ci fuska. Ma'aikacin lafiya ne zai auna masa gwargwadon nauyinsa, kada ki saya a kemis ki yi ta ƙiyasi. A Sakkwato akwai asibitin yara na musamman don wannan cuta, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa noma cikin jerin cututtukan da aka yi wa sakaci a Disambar 2023.

Ki lallashi Kaka, ki gaya mata addu'a ba ta hana zuwa asibiti, amma ban da tsaga, ban da shafa toka ko garin magani a gyambon. Kafin ku isa, ki naɗe tsumma mai tsabta a yatsa, ki tsoma a ruwan gishiri mai ɗumi ki share masa baki a hankali, ki ba shi ruwa da kunun gyaɗa ko madara kaɗan-kaɗan. Sauran yaran gidan ma ki ɗaga leɓensu ki duba dasashinsu, duk wanda kika ga ja ko gyambo ki tafi da shi tare.